Sunan Malama Barmani a Ƙungiya Uku

Na kawo muku wannan labari ne don ku yanke hukunci, domin ni na daɗe ina juya shi ban sami matsaya ba.

A garin Rafin Kanya akwai wata tsohuwar malamar firamare mai suna Barmani. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ɗaya yana aiki a Fatakwal, sai waya jefi-jefi. Gidanta yana tsallaken rafi, a unguwar da zaizayar ƙasa ta kori mutane har ya rage daga ita sai kangaye. An yi an yi ta taso, ta ce a ɗakin nan mijinta ya cika, ba inda za ta. Takan wuni ba ta yi magana da kowa ba. Wani lokaci har gyaran murya take yi, don ta ji ko muryar tana nan.

Ƙaramar hukumarsu tana ba ƙungiyoyi tallafi duk shekara, kuma ta kasa su gida uku: ƙungiyoyin addini, ƙungiyoyin al'umma, da ƙungiyoyin sa-kai. Duk wanda wata ƙungiya take kula da shi, a ofis ana kiransa mai cin gajiya. Malama Barmani ba ta san an sa mata wannan suna ba. Abin da ta sani shi ne mutum uku ne suke ƙetare rafi su zo wurinta.

Akwai Tasalla, daga ƙungiyar matan Islamiyya, wadda take zuwa ta yi mata kitso, su yi tilawa, ta kawo mata labarin gari. Akwai Sallau, sakataren ƙungiyar ci gaban gari, tsohon ɗalibinta, shi ke kawo mata ruwan sha ya toshe yoyon rufi. Sai Rifkatu, 'yar ƙungiyar sa-kai mai duba tsofaffi, wadda take auna mata jini ta karɓo mata magani.

Wata rana da damina Malama ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya karye, ta kasa ko jan jiki. Ta yi ta kira, amma a unguwar ba kunnen da zai ji.

Ranar ba ranar zuwan kowa ba ce. Sai dai Tasalla tana da wata al'ada da ba ta taɓa gaya wa kowa ba: in ta fito shanya da hantsi, takan ɗaga kai ta dubi tsallake ta ga ko hayaƙi ya tashi a gidan Malama. Ranar ba ta ga hayaƙi ba. Ta jira, ta sake dubawa, sannan ta ajiye kayan wankin ta shiga rafin da ya kawo ruwa har ƙirji. Ta tarar da tsohuwar kwance cikin laka tana rawar sanyi. Da ba ta ɗaga kai ba, da sai gawa za a tarar.

Amma Tasalla ba za ta iya ɗaukarta ba, kuma ba abin hawan da zai shiga ruwan nan. Ta kira Sallau a waya. Shi ya tara mazan ƙungiyarsa, suka cire ƙyauren ɗakin Malama suka kwantar da ita a kai, suka zagaya da ita ta kwalbatin da ƙungiyar ta gina da aikin gayya can sama da gari. Tafiya ce mai nisa cikin santsi, kuma Sallau bai yarda an karɓe shi ba har suka kai titi. Ya sa ta a keken ƙungiya mai ƙafa uku ya kai ta babban asibiti. Da ba shi, da ganin da Tasalla ta yi bai amfana komai ba.

A asibiti likita ya ce sai an yi aiki, kuma sai da jini. Irin jinin Malama ba kowa ke da shi ba, aka nema aka rasa. Rifkatu ta ji labari ta zo, nata ya dace, ta miƙa hannu aka ɗiba. Bayan aikin kuma ba dangin da zai yi jinya, domin ɗan bai sami hutu ba. Rifkatu ce ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon, tana juya ta, tana yi mata wanka, har aka sallame su.

Malama ta dawo gida tana dogara sanda. Ba a daɗe ba sai jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, Malam Hashimu, ya zo ya same ta, ya sa aka kira mutanen nan uku. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Ya ce, "Mama, mun yi tantancewa, mun sami sunanki a ƙungiya uku. Sharaɗin tallafin bana shi ne ba a ƙirga mai cin gajiya sau biyu. Ƙungiya ɗaya za ki zaɓa."

"To ka raba ni sulusi-sulusi mana, ɗan nan. Na koyar da lissafi, na san yana yiwuwa."

Ya yi murmushi. "Mama, na'urarmu ba ta karɓar sulusin mutum."

Ba mugunta ce ta kawo shi ba. Ya bayyana mata cewa a ƙauyukan da ke bayan dutse akwai tsofaffin da ba mai leƙa su ko sau ɗaya. Biyun da ba ta zaɓa ba can za a tura su, domin man mashin ɗinsu da ranakun aikinsu duk daga tallafin suke. In kuma ba ta ambaci kowa ba kafin kasuwa ta zagayo, za a cire sunanta daga duka ukun har sai baɗi.

Sallau ya ce, "Malama, ki zaɓi ɗaya cikin matan nan. Ni har yau in na shigo gidan nan bulala nake tunawa."

Ta ce, "Kai da ba ka taɓa haddace sau bakwai ba, wai kai ne sakatare. Allah mai iko."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Tasalla ta ce, "Goggo, ko ba sunanki a wurinmu zan riƙa zuwa." Malama ta gyaɗa kai kawai. Ta san Tasalla tana da yara ƙanana, ta kuma san nisan bayan dutse. Za ta zo da farko, daga baya sai ranar Sallah. Rifkatu kuwa tana ta murza mata ƙafar da ta kumbura.

Da la'asar suka watse, kowa ya ƙetare rafi. Malama ta zauna a ƙofar ɗaki tana kallon bayansu har suka shige gari. In ta zaɓi Tasalla, za ta sami abokiyar hira, amma ba ruwa ba magani. In ta zaɓi Sallau, rufinta ba zai yi yoyo ba, amma namiji ne, ba zai zauna ya taje mata kai ba. In Rifkatu ce, jikinta zai sami kulawa, amma Rifkatu ba mai magana ba ce, kuma gidan ya riga ya yi shiru da yawa.

To, ku da kuka saurara: tsakanin wadda ta gano ta, da wanda ya ɗauke ta, da wadda ta ba ta jininta, sunan wa ya kamata Malama Barmani ta faɗa wa Malam Hashimu?