Karkatacciyar Bindigar Nomau

Tun kafin a share hanyar da ta ratsa dajin kudu, lokacin da ɓauna ta fi mutane yawa a wannan yanki, aka yi wani maharbi ana ce masa Nomau. Shekara talatin ya yi yana saɓa bindiga, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, harbi ɗaya sai an sake ɗuri. Maroƙa kan yi masa kirari da Nomau na Tabawa, gagara kuskure, mai aika dalma ta je ta kwana. An ce yana da layar zana, in ya jingina da bishiya ko tsuntsu ba ya ganinsa. Ni dai ban gani ba, haka kakanni suka ba mu.

Shi ne ya jawo gidaje goma sha ɗaya daga tsohon garinsu da ƙasarsa ta gaji, ya kawo su bakin wani tafki mai baƙar ƙasa. Suka yi sassabe, suka kafa bukkoki. Sai ga shi tafkin yana da mai shi: wani tsohon bijimin ɓauna da garke ya kora, mai baƙin rai. Ya hana mata ɗiban ruwa, ya tattake shuka, ya karya wa wani magidanci haƙarƙari. Sau uku Nomau ya harbe shi, sau uku dalma ta bi iska.

Mutane suka ce sammu ne. Nomau ya sha rubutu har cikinsa ya gaji, aka turara bindigar, aka canza masa wata, duk a banza. Dattawan zangon suka same shi cikin ladabi, suka ce in wata ya tsaya bijimin yana nan, za su kwashe iyalansu su koma. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don shi ya ce musu su biyo shi.

Kwana biyu ya yi a ƙafa zuwa wurin Arzika, wani tsohon maƙeri da ba ya ƙera bindiga sai ya ga mai ita. Nomau ya gaishe shi, ya ajiye tasa a gabansa.

"Baba, ƙarfen nan ya lalace. A ƙera min sabuwa."

Arzika ya leƙa bututun, ya taɓa kunamar, ya ajiye. Ya zaro karan dawa daga danga ya miƙa masa, ya ja da baya taku goma.

"Ɗana, auna min tsinin hancina."

Nomau ya ji kamar an raina shi, amma ya ɗora karan a kafaɗar dama ya auna. Tsohon ya tsaya yana kallonsa ta kan karan, ya daɗe, sannan ya kwashe da dariya.

"Kunnena kake shirin cirewa. Tun yaushe idonka na dama ya fara hazo?"

Ko matarsa Tabawa ma, Nomau bai gaya wa ba. Damina biyu ke nan hazon yana rufe masa idon a hankali, shi kuwa da girman kai irin na maharba ya haɗiye abin. Kafaɗar dama ke riƙe bindiga, idon hagu ke gani, don haka dalma ke bin gefe. Ya ce ya gwada komawa kafaɗar hagu, hannu ya ƙi.

"Ba zai yarda ba, ya tsufa da koyon sabon abu," in ji Arzika. "Bar jikinka yadda Allah ya bar shi. Itace za mu lanƙwasa."

Kwana tara suka yi. Tsohon ya naɗa bututu a kan sandar ƙarfe, yana duka yana leƙawa har rami ya miƙe sarai. Ya nemo reshen ƙirya mai gwiwa tun daga uwar bishiya, ya sa gizago ya sassaƙa ƙota, wato itacen da ake dafawa a kafaɗa. Kullum sai ya sa Nomau ya auna hancinsa, ya kankare kaɗan, ya sake sa shi. Da aka gama, gindin ƙotar yana zaune a kafaɗar dama, wuyanta ya karkato ya kawo bututun daidai ƙarƙashin idon hagu. Muninta kuwa ba a magana, sai ka ce ƙafar raƙumi.

Da Nomau ya koma da ita, har waɗanda suka ɗaure kayansu sai da suka yi dariya. Da hantsi ya nufi tafki, ya tsaya a fili, bai ko nemi bishiya ba. Bijimin ya ɗago daga laka, ya sunkuyar da ƙaho, ya taho ƙasa tana girgiza. Nomau ya ɗaga bindiga, a karon farko cikin damina biyu ya ga abin da yake aunawa zaune cak a bakin bututu. Ya bari sai da ya ji hucinsa, sannan ya taɓa kunama. Bijimin ya durƙusa taku bakwai daga ƙafarsa, bai sake tashi ba.

Ranar aka kwance kaya. Da ana rabon nama Nomau ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Ba sammu ba ne, jama'a. Idona ne ya tsufa, na ɓoye muku." Daga nan ya zauna ya ci ya ƙoshi, hankalinsa kwance.

Garin da ya tsiro a wurin shi ne Tafkin Nomau. Har yau maƙeran garin ba sa hura wuta don bindigar kowa sai ya ɗauki kara ya auna hancin maƙeri, ko da sarkin baka ne. Bindigar kuwa tana rataye a zauren jikokinsa. Duk wanda ya isa harbi a gidan yakan sauke ta ya gwada sa'arsa a jikin kuka, kuma ba a taɓa samun wanda ya ko kankare ɓawonta ba. Mutum ɗaya aka yi wa ita, kuma shi ta sani.