Mai Lambun Da Aka Ce Ya Kashe Janareta

Akwai wani mutum mai lambun barkono a bayan gari, wanda rijiyarsa ta fara ƙafewa. Damina ta yi jinkiri a shekarar, barkonon kuwa ya shiga fure, lokacin da in ya ji ƙishi sai furen ya zube. Da lambun nan yake ciyar da gidansa, ba shi da wani abu bayansa. Da janareta yake jan ɗan ruwan da ya rage, abin da tiyo ke kawowa bai fi kaurin yatsa ba, don haka yini yake yi yana jan tiyon daga wannan fangali zuwa wancan. Ya haƙa nan, ya haƙa can, ko'ina dutse yake tararwa.

Ana nan sai wata mata mai binciken ƙasa, wadda ke nuna wa mutane inda za su haƙa burtsatse, ta biyo ta garin. Ya roƙe ta, ta ce yini ɗaya gare ta, gobe tana wata jiha. Ta shimfiɗa wayoyi a lambun, ta binne wasu dogayen bututu, ta haɗa su da wani ɗan akwati, ta zauna.

Mutumin ya ce, "'Yata, ina injin da zai tura wuta cikin ƙasar?"

Ta ce, "Baba, ba na tura kome, sauraro nake yi. Duk sa'ad da aka yi walƙiya, ko da a wata ƙasa ce mai nisa, maganaɗisun duniya yakan girgiza, girgizar ta sa lantarki ya ratsa cikin ƙasa. Inda akwai ruwa yakan wuce da sauƙi, inda dutse ne sai ya sha wuya. Wannan bambanci akwatina yake ji. Amma muryar siririya ce, janaretarka tana danne ta. Sai ka kashe."

Ya ce, "In kashe? A cikin wannan rana?"

"Har sai na gama, Baba. In ka tayar da ita a tsakiyar awo, awon ya lalace."

Ya kashe. Lambun ya yi tsit, irin shirun da ya daɗe bai ji ba, shirun kuwa ya ba shi tsoro.

Ta auna gabas, ta kwashe wayoyi ta koma yamma. Ta auna can, ta girgiza kai. Wani wuri ta ce dutse ne, wani wuri ta ce muryar ta yi rauni, ba ta ji sosai. Shi kuwa bawan Allah ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kafin rana ta take tsaka ganye ya fara lanƙwasa. Da ta karkata, ya ga fure fari-fari a ƙasa a fangalin ƙarshe, ya tsuguna ya tsince su a tafin hannu kamar zai mayar da su. A ransa yana cewa, wace irin wauta ce wannan, mutum ya bar ruwan da yake gani saboda wanda ba a gani?

Wuri ɗaya ya rage, gefen rumfar da janaretar take. Tana cikin shimfiɗa wayoyi sai hadari ya haɗu can nesa ta gabas, baƙi ƙirin. Mutumin ya ɗaga hannu sama. Amma hadarin bai nufo shi ba, ya karkata kudu, yana walƙiya daga nesa, ko tsawarsa ba a ji. Wasu aka je shayarwa.

Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya ce, "Sama ta wuce ni, ƙasa ta hana ni, ke kuma kin ɗaure mini hannu!" Ya faɗa rumfar, ya taka janaretar da ƙafa, ya naɗe igiyar tayar da ita a hannu.

Matar ta miƙe. "Baba, kada ka ja! Yanzu ƙasar ta fara magana."

"Barkonona yana mutuwa!"

"Na gani. Walƙiyar can da kake jin haushinta, ita ce take buɗe mini ƙasarka. Ka dakata."

Ya tsaya a sunkuye, igiyar ta shiga naman hannunsa, gumi na ɗiga a kan tankin mai. Da ja ɗaya kawai ruwa zai zo. Ya runtse ido, hawaye suka zubo. Bai ja ba.

Can ta ce, "Saki igiyar, Baba. Akwai ruwa, mai yawa kuwa, a ƙarƙashin dutse."

"Ina?"

Ta nuna ƙafarsa. "Nan inda kake tsaye. Sai an ɗauke janaretar kafin a haƙa."

Fangalin ƙarshe bai tashi ba, ya yi asararsa. Amma aka haƙa, aka sami ruwa, sauran lambun ya rayu.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: lambun shi ne ranka, ruwan kuwa alherin da Allah ya riga ya ajiye maka. Janaretar ita ce fafutukarka da dabararka, wadda take kawo maka ɗan kaurin yatsa, kana tsoron barinta ko na sa'ar addu'a. Ubangiji bai daina magana ba, ƙararka ce ta yi yawa. Hadarin da ya wuce kuwa shi ne albarkar da kake gani tana sauka a gidan maƙwabci, zuciyarka tana ɓaci, alhali da ita ake so a tona abin da ke cikinka.

Ba zan ruɗe ku ba, jiran Ubangiji yana da asara, wani furen zai zube. Amma na san da yawa a cikinmu da suka zo sujada yau da igiya a naɗe a hannu. Ɗan'uwana, sake ta. Mai yiwuwa a kan ruwan kake tsaye.