Irin da Ya Taso Saman Ruwa

Akwai wani manomi a ƙauyenmu na Solgol, can cikin tsaunukan Koriya, sunansa Pyo Man-sok. Ba malalaci ba ne, amma yana da ciwo ɗaya: ya tsani a ce wane ya fi shi.

A shekarar da mahaifiyarsa Ok-bun ta cika shekara sittin, bikin da ake yi wa iyaye a wannan shekarar ya faɗo a mafi munin lokaci. Sanyi ya wuce, rumbu ya ƙare, sha'ir bai nuna ba. Mutane suna haɗa ganyen daji da ɓawon itace su yaudari ciki. Abin da ya rage a gidan shi ne randa ɗaya ta irin shinkafa.

Ranar tace iri, tsohuwa ta zuba gishiri a ruwa har ɗanyen ƙwai ya ɗago kai, yadda kowa yake yi, sannan ta juye irin. Masu nauyi suka nutse, marasa nauyi suka taso. Na ƙasa ake shukawa, na sama na kaji ne.

Man-sok ya tsaya yana kallon na ƙasan, ya haɗiye yawu.

"Inna, na saman nan ma ai suna tsirowa. Mu shuka su, na ƙasa a surfe a yi miki biki. Maƙwabtanmu gidan Bang farar shinkafa suka dafa a nasu bikin bara, ni zan ba mutane kunun ganye?"

Ta tsamo ƙwaya ɗaya ta fasa da haƙori, ta nuna masa ɗan ɗigon da ke gefe.

"Ka ga wannan? Shi ne jaririn. Duk farin nan guzurinsa ne, shi zai ci har ya yi saiwa ya nemi nasa. Na saman nan uwarsu ba ta ɗaura musu komai ba. Ni ba na son bikin, ɗan nan."

"Ke dai Inna, komai sai kin mai da shi jariri!" Ya yi dariya.

Matarsa Kum-rye, uwar 'yarsu Sun-dok, ta ce, "Baban Sun-dok, ka dai ji maganarta."

"Ke kuma ɗauko turmi."

Aka yi biki na gani na faɗa. Aka sunkuya wa tsohuwa, aka sha giya, mutane suka lashe kwano suna cewa, "Kai, Man-sok ɗa ne!" Shi kuwa har wani ɗaga kafaɗa yake. Tsohuwa ta zauna cikin sabon kaya, ko loma ɗaya ba ta kai baki ba.

Ya watsa na saman a fangalin renon tsiro. Bayan kwana biyar wasu suka leƙo, kore shar.

"Inna, ga marayunki sun fito!" in ji shi.



Sai aka yi kwana uku ana ruwa mai sanyi. Tsiron maƙwabta ya jure, nasa ya yi rawaya ya kwanta. Sai kusurwa ɗaya kawai da ta tsaya da ƙarfinta. Ashe ranar tace iri tsohuwa ta ɓoye tafi biyu na masu nauyi a cikin safarta, ta zo ta shuka su ba tare da kowa ya sani ba.

Ta tumɓuke mataccen tsiro ɗaya, ta matse ɓawon da ke gindinsa. Fanko.

"Yunwa ce ta kashe shi," ta ce. "Guzurin ya ƙare bai iso ba."

Ya zaga gari neman ragowar tsiro. Waɗanda suka ci shinkafarsa suka ce su ma nasu da ƙyar zai ishe su, kuma wallahi ba ƙarya suka yi ba. Abin da ya dasa bai rufe ko rubu'in gonar ba.

Da kaka tsohuwa ta ware iri tukuna, ta ɗaure bakin randa da hannunta. Sauran bai kai su tsakiyar sanyi ba. Kullum aka raba kunu, sai ta tura kwanonta gaban jikarta Sun-dok.

"Sha, 'yar nan. Ni na ƙoshi tun ranar biki."

Man-sok yana ji, yana sunkuyar da kai. Sau ɗaya ya kai hannu kan randar yana kuka, ya ce, "Inna, bari na dafa miki ko kofi ɗaya."

"Ka taɓa ta, ban yafe ba."

Ta rasu saura kwana tara a fara girbin sha'ir. Da ya zo ɗaga ta, ya tattaro ƙarfinsa duka, sai ya ji ta taso a hannunsa babu nauyi ko kaɗan, tamkar irin nan da ya taso saman ruwa. A nan ya durƙushe. Sun-dok tana tsaye a bakin ƙofa da ranta da lafiyarta, randa tana nan cike, ba a taɓa ta ba.

Darasi: Kada ka cinye guzurin gobe don a tafa maka yau. Masu tafin za su koma gidajensu, wanda ya fi ƙaunarka ne zai biya da jikinsa. In tsohonka ya ce bari, ka bari. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yanzu haka hannunsa yana kan randarsa.