Sallamar Nomau Marini

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da fatake ke tafiya a ayari, sunansa Nomau. Bawan Allah ne, marini, amma marinar ba tasa ba ce. A ƙarƙashin wani dattijo yake aiki, ana ce masa Barau. Shekara goma sha tara yana tsoma hannu a ruwan baba, har hannun ya rine zuwa gwiwar hannu. Shi kuwa Barau, Allah ya jiƙansa, ɗacin baki gare shi. A shekarun nan duka, ko "sannu da aiki" Nomau bai taɓa ji daga bakinsa ba.

Rannan sai ga wani attajiri daga wani gari mai nisa. Ya ga aikin Nomau, ya ce, "Na buɗe sabuwar marina, ina neman wanda zai shugabance ta. Ayarinmu zai tashi ranar Alhamis. In ka zo, wurin naka ne."

Nomau ya ji daɗi ƙwarai, don ya daɗe yana son canji. Matarsa Tabawa har da guɗa. Ta ce, "Malam, ɗaure kayanka kawai! Mutumin da bai san darajarka ba, wace sallama kuma?"

To, ku saurara, nan gizo ke saƙar. A wancan lokaci ba a rubuta sunan mai kaya. Idan an kawo zane ko rawani, marini ƙulli yake yi a bakinsa: wannan ƙulli ɗaya, wancan biyu, wancan an soke da zare. Kaya sun fi arba'in a marinar, kuma duk garin ba wanda ya san ma'anar ƙullin nan sai Nomau. In ya tafi, zanen amarya sai ya faɗa hannun mahauci.

Da safe ya je ya durƙusa gaban Barau. Ya ce, "Maigida, na sami wani aiki, zan bar naka. Amma ka ba ni kwana goma sha biyu in gama kayan mutane, in nuna wa ƙanenka Jatau ƙulli da yadda ake haɗa baba."

Barau ya harare shi, ya ce, "Wa ya riƙe ka?"

Kun ji fa! Amma Nomau bai yi fushi ba. Ya je ya roƙi attajiri ya jira shi. Attajiri ya ce shi kam ba zai tsayar da ayari don mutum ɗaya ba, ya ɗauki wani marinin. Ranar Alhamis Nomau yana bakin ramin rini yana jin ƙararrawar jakuna har ta ɓace. Wallahi abin ya yi masa zafi, har ya share ƙwalla. Sannan ya ce, "Jatau, miƙo wancan rawanin, ka gaya mini na wane ne."

Kwana goma sha biyu cif, kowa ya karɓi kayansa. Barau ya kira shi ya ce, "Tunda wancan aikin ya wuce ka, sai ka zauna."

Nomau ya ce, "A'a, Maigida. Na riga na yi sallama, na danƙa wa Jatau. Ba zan ba shi da dama in karɓe da hagu ba. Allah ba zai hana ni abinci ba."

Tsohon ya waiwaya ya dubi ramukan rini. Sai ya ce, "Ramuka biyun can na gindin tsamiya, na ba ka halak malak. Ka yi naka rinin." Ya kau da kai ya ƙara da cewa, "Sannu da aiki, Nomau."

A nan Nomau ya tsufa, cikin rufin asiri, shi da Barau maƙwabta.

Jama'a, barin aiki ba laifi ba ne, yadda ake barin shi ne abin dubawa. Mu yau fa? Mutum ya sami wani wuri, sai ya kashe waya, ya bar wa maigadi makulli, a yi ta cigiyarsa kamar ɓatacciyar akuya. Kai mai dariya a baya, da kai nake! Aikin da ke hannunka amana ne har ranar da ka miƙa shi, ko da maigidan bai kyauta maka ba. Da sallama ka shiga, to ka fita da sallama. Allah ya sa mu rabu da kowa lafiya.