Sunan da Na Kai wa Hakimi

Wayo kuma, Tasalla? Ni da na tsaya a aji uku? Ji dai yadda aka yi.

Hakimi ne ya soke sunan garinmu, Unguwar Malam Barau ta Bayan Rafi, wai ya yi tsawo, kada a ƙara rubuta shi. Ya ce mu kawo wanda ba a fi shi gajarta ba, wanda malaminsa mai karantawa daga dama da akawunsa mai karantawa daga hagu za su karanta iri ɗaya. In ba haka ba, a ɗauke kasuwarmu.

Ni kuwa a kasuwar nake tuyar ƙosai. Na wanke allo tas, na kai wa Hakimi haka nan.

Malam ya duba, ya ce, "Ba komai."

Akawu ma ya ce, "Ba komai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bakinsu ɗaya. Akwai wanda ya fi shi gajarta?"

Hakimi ya ce, "Ke! Gari ba suna? A ɗauke kasuwar!"

Na ce, "To a takardar, kasuwar wane gari za a rubuta?"

Ya yi dariya, kasuwa ta zauna. Da ya ce in rubuta ko harafi ɗaya, ai da asirina ya tonu.

Bari in sallami mutanen nan, mai ya yi zafi.