Shaidar Kiyashi

Sunana Rilwanu, amma a ofishinmu da ke Doka ba mai kirana da shi sai in takarda za a rubuta. Cokali Huɗu ake ce mini, saboda yawan sukarin da nake zuba wa shayi. Wannan ba shi ne aibina ba. Aibina shi ne tun ina yaro bakina bai iya cewa "ni ne" ba. In kofi ya fashe a hannuna, to dama da tsaga a jikinsa. In na makara, laifin mai Keke Napep ne. Da wannan hali na girma har na yi iyali, ban taɓa jin kunyarsa ba sai ranar da kiyashi suka tona mini asiri.

Akwai laftof da ofis ya ba ni ta aiki, shekararta shida a hannuna. Ga nauyi, ga ƙara kamar injin markaɗe, amma tana aikinta. Matsalar ta fara ne da aka ba Mansur, abokin teburina, sabuwa fil, siririya, mai sheƙi. Tun daga ranar na tsani tawa. Ƙa'idar ofishinmu kuwa a fili take: in kwamfuta ta mutu don tsufa, a sauya maka wata, in sakaci ne, a gyara in tana gyaruwa, a kuma ba mai sakacin takardar tuhuma ta shiga fayil ɗinsa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina gida a Unguwar Sarki ina ƙarasa rahoto. Na haɗa shayina da citta da madara, na zuba cokali huɗun nan, na ajiye a gefe. Waya ta yi ƙara, na miƙa hannu, hannun babbar riga ya kwashe kofin. Rabin shayin a kan madannai ya ƙare. Matata Safiya ta ce in kashe ta in ruga wajen mai gyara tun bai bushe a ciki ba. Na daka mata tsawa, na ce me ta sani game da kwamfuta. Na goge da tawul, na kifa ta a ƙarƙashin fanka. Da na kunna ta kawo, sai na ce shi ke nan, magana ta wuce. Ban faɗa wa kowa a ofis ba.

Ranar Litinin aka ɗauke wuta. Hajiya Hansai, wadda ke kula da rajistar takardu, ta zo ta ce in ara mata tawa ta buga wasiƙa ɗaya, don tata ta tebur ce, ba ta aiki sai da wuta. A shekaru, Hajiya Hansai ta isa ta haife ni. Ita ta nuna mini yadda ake buɗe fayil ranar da na fara aiki, kuma "ɗana" take ce mini. Saura mata wata biyar ta yi ritaya, kuma abin da take alfahari da shi a duniya shi ne ta shekara talatin da huɗu tana aiki ba a taɓa ba ta takardar tuhuma ba. Rabin awa ta yi da laftof ɗin ta dawo da ita, ta ce madannan suna kama yatsa. Na ce mata tsufa ne.

Ranar Laraba kwamfutar ta mutu murus. Maimakon in ji tsoro, wallahi daɗi na ji, har na fara hango sabuwa irin ta Mansur a teburina. Na je wajen shugaban sashenmu, Malam Ubaidullah, na ce ta tsufa, a sauya mini. Ya buɗe wani fayil, ya ce ai wata biyu da suka wuce aka duba kwamfutocin ofis gaba ɗaya, tawa lafiyarta ƙalau. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaya ko wani abu ya same ta.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Amma tsohon halin nan ya riga ni magana.

"Ranka ya daɗe, ni dai lafiya lau take a hannuna har ranar Litinin da Hajiya ta ara."

Ban ce ita ta lalata ba. Na dai ajiye maganar ne a inda na san za a tsince ta. Aka kuwa tsinta. Malam Ubaidullah ya kira Hajiya Hansai, ya gaya mata cikin girmamawa cewa za a kawo mai gyara ya duba ko za ta gyaru ko sai an sauya, kuma in aka samu hannun mutum a ciki, dole ya rubuta mata takarda, ƙa'ida ce.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Baiwar Allah nan ta zo teburina, idonta ya yi ja, ta ce in yafe mata, ita ba ta iya waɗannan na'urori na zamani ba, wataƙila wani wuri ta danna da bai kamata ba. Ni kuma, ƙaton banza, na buɗe baki na ce mata ba komai, tsautsayi ne. Ranar Alhamis da Juma'a ba ta zo aiki ba, aka ce sukarinta ne ya hau. Kowa a ofis ya san tana da ciwon suga, shekara goma ke nan ba ta shan komai sai ruwan ɗumi a filas ɗinta.

Litinin ta zagayo, aka kawo Malam Alhassan mai gyara, dattijo marar yawan magana. Muka taru a ofishin shugaba, ni da Mansur da Hajiya, wadda ta zauna a gefe tana rungume da jakarta. Malam Alhassan ya kifa laftof ɗin, ya kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga murfin.

Kiyashi! Ba goma ba, ba ɗari ba. Suka ɓarke a kan teburin shugaba, suna bin takardu, suna hawa wayarsa. Cikin kwamfutar kuwa duk ya yi danƙo, launin ƙasa-ƙasa. Malam Alhassan ya dangwala yatsa ya shinshina.

"Yallaɓai, wannan ba tsufa ba ne, kuma ba danne-danne ba ne. Shayi ne, da madara, har da citta. Sukarin kuwa mai shi bai tausaya masa ba. Ya kai kwana goma a ciki."

Mansur ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Malam Ubaidullah ya dubi filas ɗin ruwan ɗumi da ke gefen ƙafar Hajiya, sannan ya juyo ya dube ni. Da ƙyar na ce ni ne, kuma shi ne karo na farko da kalmar ta fita daga bakina, bayan ba ta da sauran amfani. Malam Alhassan ya ƙara da cewa da a ranar aka kawo masa, wankewa kawai zai yi cikin awa ɗaya. Yanzu sai an canza madannai da wani ɓangare na ciki, amma za ta tashi. Shugaba ya ce a gyara, ba za a sayi sabuwa ba, kuma ni zan ci gaba da riƙe ta.

Na ɗauka Hajiya za ta zage ni, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta buɗe jakarta, ta ciro wata takarda a ninke. Amsar tuhuma ce ta rubuta da hannunta tun kafin a ba ta, shafi guda cur, tana amsa laifin da ba ta yi ba, tana roƙon a dubi shekarunta. Ta miƙo mini.

"Ungo, Rilwanu. Na riga na rubuta, kada ka wahala. Suna kawai za ka canza."

Ba ta ce "ɗana" ba. Ba ta sake cewa ba har ta yi ritaya, duk da na je gidanta a Unguwar Rimi na durƙusa, ta kuma ce ta yafe. Takardar tuhuma ta shiga fayil ɗina. Laftof ɗin tana nan a teburina da ƙararta, kuma sai da ta yi makonni ana ganin kiyashi ɗaya-ɗaya suna fitowa ta gefenta a gaban duk wanda ya zo wajena.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne, in ka yi kuskure ka faɗa da bakinka tun yana ƙarami, tun gyaransa bai wuce na awa ɗaya ba. Kada ka jingina laifinka ga wani, ko da ta hanyar faɗin gaskiyar da ka san za ta ɓatar da mai sauraro, domin wannan ma ƙarya ce. Kwamfuta ta gyaru, amma yardar da dattijuwar nan ta yi mini ba wani mai gyara da zai iya mayar da ita yadda take.