Maganar Da Ba Ta Da Jan Hatimi

Akwai wani jami'i a hukumar ruwa da ake kira Na-Ciki, saboda da wuya ya buɗe baki bai ce, "Mu na ciki mun sani" ba. Ba mugu ba ne. Shi kaɗai yake zaune a ɗaki ɗaya, ba mata ba 'ya'ya, kuma babu abin da ke faranta masa rai kamar a yi tsit ana sauraronsa. Mutum ɗaya ne ke leƙa shi, telan bakin layinsu, wanda ke ce masa Yaya.

Na-Ciki ne wakilin hukumarsu a zaman haɗin gwiwa da hukumar lafiya da ta ilimi. Ƙa'idarsu a fili take. Bayanin da aka buga wa jan hatimi sirrin gwamnati ne, wanda ya fitar da shi sai kotu. Akwai kuma wanda ba a buga wa komai, ana ce masa "na aiki kawai", ba ya wuce kunnen wanda aikinsa ya buƙace shi. Na-Ciki jan hatimi kaɗai yake tsoro.

Wata rana a wurin zama, likitar hukumar lafiya ta ce ana zargin wata cuta mai yaɗuwa a gidan telan, don haka a gwada ruwan layin.

"Zargi ne fa," in ji ta. "Sakamako bai fito ba. Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan."

Da yamma Na-Ciki ya shiga shagon aski. Hira ake ta yi, ba wanda ya ko dube shi. Abin ya ci masa rai, sai ya gyara murya.

"Ku dai ku yi nesa da gidan tela. Mu na ciki mun sani."

Mai aski ya tsayar da almakashi. "Yallaɓai, anya wannan ba sirri ba ne?"

"Wane irin sirri? Ko jan hatimi babu!"

Ranar ya sha sauraro har ya ƙoshi.

Kafin a ce me, magana ta zagaye unguwa. Mata suka aiko a karɓe yaduddukansu daga wurin tela. Iyaye suka tayar da ƙura a makaranta har aka mayar da 'ya'yan tela gida. Da sakamako ya fito, babu cuta, amma wannan labarin bai samu mai yaɗa shi ba.

Hukumar lafiya ta bi sawu ta gano bakin da maganar ta fita. Aka cire Na-Ciki daga zaman, aka ajiye shi a wani ofis a ƙarshen baranda, inda ko waya ba ta ƙara. In ya shiga taron abokan aiki, sai kowa ya ja bakinsa.

Wata safiya ya tarar ana ɗora keken ɗinkin tela a mota. Ya matso kusa da shi.

"Wallahi ban yi nufin..."

"Na sani, Yaya," in ji tela, bai ɗago kai ba. "Da baƙo ne ya faɗa, da na zauna. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Mota ta tashi. Na-Ciki ya daɗe a tsaye gaban rufaffen shago, kuma babu wanda ya tambaye shi me ya faru.

Darasi: ba hatimi ne ke sa magana ta zama amana ba, mutumin da take magana a kansa ne. Duk abin da aiki ya kawo kunnenka, ka bar shi a wurin aiki, kada ka sayi daɗin hira da mutuncin wani.